Tsargiyar da Muka Yi wa Dariya

Shekara talatin da ɗoriya ni da Modu muna raba rumfa ɗaya a bakin kara, kasuwar shanun Potiskum. Shi yana sayar da igiya da kanwa da dusa ta gabas, ni ina sayar da maganin dabbobi ta yamma, tabarma ɗaya a tsakani, butoci biyu a ƙofa. Tasa shuɗiya ce mai tsagaggen baki, tawa ja. Yau fiye da shekara ke nan rabon da ya ɗauki shuɗiyar, kuma ban yarda an kawar da ita ba. Likitan da ya duba mu ya roƙe ni in riƙa gaya wa mutane abin da ya same mu. Na ce masa ni bakina a ciniki kawai yake da kaifi, amma zan gwada rubutawa. Wanda ya ga na yi rashin kunya a wani wuri ya yi haƙuri, ciwon ne a wurin da ba a son faɗa.

Sunana Buba, Bafulatanin gari. Shanun mahaifina sun ƙare a wata shekarar fari, muka yada zango a gefen ƙauyen Mamudo muka koma noma, ina ɗan shekara takwas. A nan na haɗu da Modu. Babarbare ne, kowa kuwa ya san Fulani da Barebari ba sa gaisawa sai da tsiya. Tun daga ranar bai taɓa kiran sunana ba, Fillo yake ce mini, ni kuma in ce masa bawana. Har muka yi furfura ba mu sake ba.

Akwai wani kwari a bayan gonaki, da damina ruwa yakan cika shi ya zama tafki, ya kai har bayan kaka. Mu bakwai ne ba mu da wurin zuwa sai can. Mu ɗaure awaki a gindin kanya, mu tuɓe, mu faɗa ruwa tun hantsi har idanunmu su yi ja. Muna tono bado mu ci ɗanye, muna lalubo tarwaɗa a cikin taɓo mu gasa da karan dawa, ba gishiri ba komai, amma ban sake cin kifi mai daɗinsa ba. Har yanzu in an yi ruwan farko ƙasa ta tashi da ƙamshi, wurin nake tunawa. Modu ne sarkinmu, don shi kaɗai yake iya nutsewa daga wannan gaɓa ya ɓullo a waccan.

A lokacin, yaron da fitsarinsa ya koma ja ba a kai shi wurin kowa. Tsargiya ake ce mata. Manya su yi murmushi su ce yaro ya fara zama namiji, wasu su ce zafin rana ne, zai bari da kansa. Mu kuwa abin alfahari muka mayar da shi. Ana zagayawa bayan sabara da sakaina, a dawo a nuna wa sarki, wanda nasa ya fi ja ya fi kowa. Shida duk suka yi, ni kaɗai nawa fari tas. Suka sa ni a gaba, wai Fillo har yanzu nonon saniya ne a cikinsa, wai in koma cikin mata. Kuka kam na yi shi a ɓoye ba sau ɗaya ba. Ranar da abin ya ishe ni, na saci busasshen zoɓo a ɗakin innata, na jiƙa shi a bakin ruwa, na zagaya na matse shi a cikin sakainar. Modu ya karɓa ya duba ya daɗe, sannan ya ɗaga kai ya ce, "Fillo ya zama namiji." Aka yi ihu aka jefa ni a ruwa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har matata.

Shekara hamsin da wani abu bayan nan, mako biyu da Sallar layya, muna zaune da rana kasuwa ta lafa. Modu ya ɗauki butarsa ya zagaya, ya dawo yana dariya har da riƙe ciki.

"Fillo, albishirinka. Yarinta ta dawo."

"Wace yarinta, kai da gemu kamar na bunsuru?"

"Ja wur, wallahi. Irin na bakin tafki."

"Da zafi?"

"Ko kaɗan."

Na ce to ai shi ke nan, tsohuwar tsargiya ce ta motsa. A kara Dakta ake ce mini, saboda na san allurar da ake yi wa sa mai tari da ƙwayar da ake ɗura wa tunkiya mai tsutsa, kuma sunan ya hau mini kai. Na tashi da kaina na je kemis na sayo masa ƙwayar tsargiya, na kalle shi sama da ƙasa na ƙiyasta nauyinsa da ido yadda nake yi wa bijimi, na ce ya sha kaza. Kwana uku jinin ya ɗauke. Na yi ta cika baki a rumfa, ina cewa Babarbare ya ci arzikin Fulani. Ban san cewa haka ciwon yake ba, ya zo ya tafi da kansa, ko an sha magani ko ba a sha ba.

Mako biyar ya dawo. Na sake sayo ƙwayar. Matarsa Ya Falmata ta aiko mini da saƙo, ta ce don Allah in raka shi asibiti, tunda maganata yake ji. Na aika mata cewa ta kwantar da hankalinta, mu nan duk mun yi wannan abin muna yara, ga mu da jikoki. Wannan saƙon, in da ana janye magana, shi zan fara janyewa.

Daga nan sai masu shawara suka yi yawa. Wani ya ce ciwon sanyi ne, aka dafa saiwoyi. Ƙanin Ya Falmata ya kawo nonon raƙumi daga arewa a jarka. Wata gwaggonsa ta ce jifa ne daga abokan kasuwa, aka yi rubutu aka yi turare. Duk don ƙauna suka yi, ban ga laifin kowa ba, tunda ni na fara. Modu yana shan komai yana tsokanar kowa, amma wandonsa ya fara yi masa yawa, kuma buhun dusar da yake ɗagawa da hannu ɗaya sai da ya koma ja.

A wata na shida, ranar kasuwa bayan azahar, fitsarin ya tsaya cak. Ya zagaya sau huɗu ya dawo, na biyar ya durƙusa a bakin rumfa gumi yana zuba, ya ce, "Fillo, yau kam ba wasa." Na tare napep muka tafi asibitin gari. Gudan jini ne ya toshe hanya. Aka sa masa robar fitsari, aka wanke mafitsarar, aka yi masa ƙarin jini leda biyu. Washegari aka ɗauki hoton cikinsa, mai ɗaukar ya daɗe yana zagaya na'urar a mararsa. Aka ba mu takarda zuwa babban asibiti a birni, wurin likitan mafitsara. Ba zan kama sunan asibitin ba, don zan yabe su kuma zan yi ƙorafi.

Tafiyar sa'a huɗu ce a bas. Ni na raka shi, Ya Falmata ta zauna da gida. Abin dariya, mara lafiyan yana zaune da ledar fitsarinsa a ƙarƙashin babbar riga bai dami kowa ba, ni mai rakiya ni nake ta roƙon direba ya tsaya in zagaya. Sau uku na sa aka tsaya. Na ce shayin tasha ne. Modu ya kalle ni ta gefen ido.

Zuwan farko ba mu ga likita ba, kati kawai muka yanka bayan mun yini a kan benci, aka ce mu dawo bayan mako uku. Zuwa na biyu muka tarar layin ya cika tun kafin mu sauka daga mota. Wata dattijuwa mai shara ta ga yadda Modu yake dafe da bango, ta ajiye tsintsiyarta ta kawo masa kujera, ta nuna mini tagar da ake miƙa kati da wadda ake ɓata lokaci a banza. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a. Kuɗi kuwa ba zan tsaya lissafi ba. Modu ya sayar da bijimin da yake turkawa, 'yan kara suka yi karo-karo, mota da masauki suka ci kusan abin da magani ya ci.

Likitan yaro ne, sa'an ɗana na biyu, mai magana a hankali. Ya tambayi Modu ko yana shan taba, ya ce bai taɓa ba. Ko ya yi aikin rini ko fenti, ya ce a'a. Sai ya ce, "Baba, da kuna yara kun yi wanka a tafki ko kududdufi?"

Muka kalli juna muka fashe da dariya. Muka ba shi labarin kwarin bayan Mamudo, muna katse juna, har da sakaina, ban da zoɓo. Shi bai yi dariya ba. Ya ce tsutsar tsargiya daga katantanwar ruwa take fitowa ta shiga ta fata, ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. Ko an daina ganin jini ƙwan suna nan, suna cizon wurin shekara da shekaru, a wasu mutanen har wurin ya rikiɗe ya zama kansa. Sannan ya faɗi maganar da ta zauna mini a kai: "Babban mutum in ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, a ranar ya kamata ya nemi asibiti. Wanda ba ya zafin ma shi muka fi tsoro." Ya tambaya wa ya ba shi ƙwaya har sau uku. Modu ya ce wani ne a kasuwa, ya manta fuskarsa. Ni ina zaune kusa da shi ina kallon takalmina.

Likita ya ce hoton ya nuna ƙari, amma ba za a san irinsa da zurfinsa ba sai an leƙa da kyamara an yanko ɗan nama an gwada. Modu ya ce ta ina za a leƙa. Likita ya gaya masa ta ina: siririyar roba ce mai fitila a kai, ana bi da ita ta hanyar fitsari.

Modu ya gyara hularsa. "Ɗana, robar da aka sa mini a asibitin gari ban san inda kaina yake ba. Amma da hankalina, in kwanta a gaban sa'an ɗana da 'yan mata masu farin kaya, a haska fitila? Duk iliminku babu wata hanya?"

Likita ya ce ba shi kaɗai yake wannan tambayar ba, masu bincike a ƙasashe da yawa abin da suke nema ke nan. Suna son ya zama mutum ya ba da fitsari a kwalba kawai, a gano alamar ciwon a ciki tun yana ƙarami. Wasu suna neman alamar a jini, wasu suna koya wa kwamfuta karanta hoto, wasu sun ƙera kyamara mai wani irin haske da yake tona ƙarin da ido zai tsallake. Ya ce wasu gwaje-gwajen fitsarin har an fara amfani da su a wasu wurare, amma suna kuskure, suna da tsada, kuma babu wanda ya isa ya maye gurbin kyamara tukuna. Ya ƙara da cewa yawancin binciken a wuraren da taba ce take kawo ciwon ake yinsa, namu na tsargiya sau da yawa wani iri ne daban, ba a waiwaye shi sosai ba.

"Madalla," in ji Modu. "To ni zan jira kwalbar."

"Baba, ciwon ba ya jiran masu bincike."

Modu ya miƙe ya ce mu tafi. A waje na roƙe shi, na yi masa faɗa, na ce ya dubi Ya Falmata da yara. Na san in muka hau motar nan ba a leƙa ba, gawarsa na raka gida tun da ranta, kuma ni na jawo. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Sharaɗi ɗaya. A fara yi maka."

"Ni kuma? Ni lafiyata ƙalau!"

"Tafki ɗaya muka shiga. Ko naka jan ba na gaske ba ne?"

Na dake kamar ban ji ba. Muka koma ciki na ce wa likita a yi mini, in dai shi ne zai sa wannan bawan nawa ya kwanta. Likita ya ce ba a yi wa mai lafiya kyamara don rakiya, amma tunda ruwa ɗaya muka yi wasa a ciki, in kai fitsari a duba. Na kai, fari tas kamar kullum, har ina jin haushin kuɗin gwajin.

Sakamakon ya fito washegari. Likita ya ce akwai jini a ciki, irin wanda ido ba ya gani sai na'ura. Ya tambaye ni sau nawa nake zagayawa a yini, na fara kame-kame. Aka ɗauki hoton marata, aka ga wani ɗan abu a gefe. Modu yana kan benci na fito na gaya masa. Ya yi dariya har ledarsa tana motsi, ya ce, "To Alhamdu lillahi, yau dai na'ura ta tabbatar Fillo namiji ne."

Aka sa mana rana ɗaya, bayan mako biyu. Ni aka fara shigarwa, yadda ya sharɗanta. Zan faɗi gaskiya don masu tsoro: kunyar ta fi zafin yawa, kuma ita ma minti biyu ce. An rufe ni da zane, an sa maganin kashe zafi, ma'aikacin da yake riƙe da hannuna yana tambayata farashin raguna. Likita ya juyo mini da allon ya ce in kalla. Na ga cikin mafitsarata, wani wuri ja-ja mai santsi, wani wuri kuma fari-fari kamar an watsa yashi. Ya ce yashin nan matattun ƙwan tsargiya ne. Ashe ta kama ni tun a tafki, jinin ne kawai bai taɓa fitowa fili ba. Can a gefe ga wani ɗan tsiro da bai kai ƙwayar gujiya ba, yana lilo a cikin ruwa. Na fito na ce wa Modu ba komai, ya shiga yana cewa in riƙe masa hula.

Nasa ya daɗe. Da likita ya fito bai tsaya wasa da ni ba kamar ɗazu.

Nawa aka sa mini rana aka kankare shi ta wannan hanyar, ba a tsaga ni ba, kwana uku aka sallame ni. Naman mu biyu aka kai gwaji. Aka ce mako biyu, ya zama biyar, wai na'urar ta lalace, wai mai dubawa ya yi tafiya. Sau biyu muna biyan mota mu je a ce ba a fito ba, alhali waya ɗaya ta isa ta hutar da mu. Wannan kam ban yafe shi da sauƙi ba, don a makonnin nan ƙafafun Modu suka fara kumbura.

Ranar da sakamakon ya fito, Modu ya sa aka shigar da mu tare. Likita ya ce duka biyun kansa ce. Nawa a sama-sama yake, bai kama naman bango ba, an cire shi duka, sai dai in riƙa zuwa ana leƙawa duk wata uku don yakan dawo. Na Modu ya huda bango ya fita, ya danne hanyar ƙoda, ya taɓa wasu wuraren. Tiyata ba za ta cimma shi ba. Za a iya rage masa zafi da jinin, a ja kwana. Na tambaya, da mun zo tun ranar farko fa? Likita ya ce shi ba zai iya rantsewa ba, mai yiwuwa tun lokacin ya yi nisa, mai yiwuwa kuma da an samu abin yi. Na gode masa da bai yi mini ƙarya ba, ko da yake ƙaryar nake so a ranar.

Modu ya karɓi allurar rage ciwon da aka rubuta masa sau biyu, ta kayar da shi, ya ce a mai da shi gida unguwar Hausari. Wata huɗu muka yi jinyarsa a ɗakinsa na zaure. Ya Falmata tana da kwana da abinci, ni ina da safiya. In buɗe rumfa in bar maƙwabci ya duba mini, in zo in juye ledar, in goge masa jiki, in juya shi. Ba ta taɓa tayar mini da maganar saƙon nan ba, kullum sai ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam Buba," ta ajiye mini kunu. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Abin da ya fi damunsa ba zafin ba ne, tsarki ne. Mutumin da ba ya zama babu alwala, ga shi da roba tana ɗiga dare da rana. Ya daina zuwa masallaci tun yana iya takawa. Sai da limamin unguwa ya zo ya zauna da shi, ya ce mai lalura irin wannan ya yi alwalarsa ya yi sallarsa, Allah ya san abin da ya ɗora masa. Ranar ya ci tuwo da yawa. Na kawo masa butarsa daga kasuwa, ya ce in mayar, wurinta can ne, zai dawo ya same ta.

Wata Juma'a bayan an sauko, da ƙarshen damina, ya ce yana son ganin tafki. Ya Falmata ta ce ba zai iya ba, ya ce sarkin ruwa ake gaya wa haka? Na ɗauko shatar mota muka shimfiɗa masa katifa a baya. Muka wuce Mamudo muka gangara ta hanyar gonaki, da ƙyar na gane wurin. Kanyar tana nan. Kwarin ya cike rabi, an shuka shinkafa a gefe, ruwan da ya rage bai fi a tsallake shi da jifa ɗaya ba. A idona na yaro, kogi ne. Na jinginar da shi a gindin kanyar, yana lissafo sunayen sauran biyar ɗin. Uku sun rasu, ɗaya ma an ce da ciwon mara ya tafi, ba wanda ya bincika.

A nan na ce, "Modu, ka yafe mini. Ni na ba ka ƙwayar nan. Ni na hana a kai ka."

Karo na farko ke nan da na kira sunansa tsura, shi ma sai da ya juyo.

"Kai ka ɗura mini? Ni na sha, don ni ma abin da nake son ji ke nan. Bar wannan." Ya numfasa. "Ni ma ina da abin faɗa. Ranar sakainar nan, har da ɓawon zoɓo yana yawo a ciki. Yatsunka kuma ja wur."

Na ce, "Ka sani? Shekara hamsin?"

"Kuka kake yi a bayan sabara kullum, ka zaci ba a ji? Na ce bari in rufa wa ɗan Fulani asiri." Ya yi dariya, tari ya tsare shi, na ba shi ruwa. "Shi ya sa na san halinka. Kai in abu ya shafi wurin nan, gara ka mutu da a yi maka dariya. Ni kuwa tun kafin in ga jinina nake ƙirga butarka."

"Butata?"

"Shekara talatin, daga safe zuwa la'asar sau uku kake ɗaukar jar butar nan. Bara ta koma biyar, ta koma bakwai. In na ce ka je asibiti, ka ce kai ne Dakta. Da yaron nan ya yi maganar tafki, na ce yawwa, ga inda zan kama Fillo."

"Wato duk taurin kan nan da ka yi, da jiran kwalba..."

"A'a, tsoron na gaske ne, kada ka mai da ni jarumi. Amma na ga fuskar mai hoton nan tun a gida, na san tawa ta riga ta yi nisa. Na ce tunda zan sha kunyar nan, ba zan sha ta a banza ba."

Na kifa kaina a gwiwa na yi kuka a gindin kanyar nan, irin wanda na yi ina yaro, wannan karon a gabansa. Ya bar ni na yi, yana ɗan bubbuga bayana da hannun da ba shi da nauyi. Da na ɗago ya ce in tono masa bado in akwai. Na naɗe wando zan shiga, ya daka mini tsawa da ragowar muryarsa: "Kai, Fillo! Ruwan nan kuma?"

Ya rasu bayan kwana goma sha tara, da hantsi, ina juye ledar Ya Falmata tana riƙe da kansa. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ni an leƙa ni sau huɗu tun da aka kankare nawa. Sau ɗaya an ga wani ɗan tsiro an ƙone shi, sauran ba komai. Duk zuwa sai na tambayi likita labarin kwalbar, ya ce ana nan ana aiki, in na ga ta iso zai fara gaya mini. Ina fata ta iso, ko don masu irin kunyarmu, amma ban ba kowa shawarar ya jira ta ba. Biyun da suka rage cikinmu na bi su har gida na kai su gwaji, ɗaya sai da na yi masa barazanar zan tona wani tsohon asirinsa. An ba su maganin tsargiya na ƙa'ida, ana bibiyar ɗaya. Kwalin da aka rubuta Dakta a rumfata na cire shi. Wanda ya zo da maganar saniya in saurare shi, wanda ya zo da maganar jikinsa in nuna masa hanyar napep.

Ɓangaren gabas yanzu wani Bakarkare ne ya kama, Malam Audu, mutumin kirki mai 'yan shekaru ƙasa da nawa, a wani ƙauyen bakin fadama ya tashi. Ya zo da butarsa, kore, ya ajiye kusa da shuɗiyar. Ranar kasuwar da ta wuce ya ɗauke ta zai zagaya, ana shirin kiran la'asar. Na ce in ya dawo ya zo ya zauna, ina da magana.

Ya ce, "Lafiya, Malam Buba?"

Na ce, "Wannan ta shida ke nan tun safe."